Kogin da Ya Hana Mu Wucewa

Iquique, 9 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga matata Ermelinda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Ximena da yaranta. Yaya gwiwar taki? Ki riƙa shafa man nan safe da yamma, kada in dawo in tarar da kwalbar a cike kamar wancan karon. Ban tambayi ruwan sama ba, na san halin garinmu Calbuco, ko a tsakiyar bazara ba ya jin kunyar zuba.

Mun iso Iquique jiya da la'asar lafiya lau, ni da ƙaninki Amador. A-kori-kurar nan ba ta ba ni kunya ba, ko faci ba mu yi ba tun daga gida. Masu cewa tafiyar ta fi ƙarfin mai furfura, ki ce su zo su gani. Yaron da ya fara da wanke tayoyin motar wani yana kwana a ƙarƙashin bodi, yau ga shi ya ratsa ƙasar nan tun daga ƙafarta har wuyanta a motar da ya saya da guminsa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma hanya kam na karanta ta.

Na san abin da kike son ji, to ga shi: ƙanin naki Mai-Tumbi ya yi dariya. Ranar da kika riƙe hannuna a bakin ƙofa kika ce, "Nibaldo, ka fitar mini da shi daga gidan nan kafin baƙin ciki ya kai shi inda matarsa ta tafi, amma ka dawo mini da shi," ni kaina ban yi zaton zai sake yin dariya ba. Kwanakin farko haka ya zauna a gefena kamar buhun dankali, da hular da matarsa marigayiya Doralisa ta saƙa masa a kan gwiwa. Sai da muka wuce Copiapó, ƙasa ta bushe ƙayau, ya daɗe yana kallon waje, sannan ya ce, "Mijin yaya, nan kuma Allah ya fara aiki ne aka kira shi wani wuri?" Na ce, "A'a, ya gama. Ruwan wurin ne ya kwashe ya juye a kan rufin gidanka." Ya yi dariya har da hawaye. Tun daga nan bakinsa bai rufu ba. Kifinsu ba kifi ba ne, burodinsu tafin takalmi ne, tuƙina kuwa wai ko jaki zai wuce mu ya waiwayo ya gaishe mu.

Amma Mela, akwai abin da ban gaya masa ba. Hamadar nan ba ta kwanta mini a rai ba. Sai ki yi rabin yini kina tafiya ba ki ga ciyawa ko ƙwaya ɗaya ba, babu tsuntsu, babu kare. Abin da kawai ke bakin titi shi ne 'yan ɗakunan nan da ake gina wa waɗanda suka mutu a hanya, da furannin roba da rana ta cinye. A wurinmu ma akwai su, amma namu suna tsakanin bishiyoyi, kusa da gidan wani. Na nan su kaɗai ne. Sau ɗaya na kashe injin don in duba mai, shirun da na ji sai da ya sa kunnena ya yi ƙara. Na yi sauri na tayar da mota. Kada ki faɗa wa kowa wannan.

Gobe za mu hau tsauni. Kin tuna hoton kalandar da ke kicin ɗin Doralisa, wanda ta ƙi cirewa shekara da shekaru? Tafkin gishirin nan mai tsuntsaye jajaye masu dogayen ƙafafu? Ashe yana can sama, kusa da iyakar Bolivia, kuma shi ƙaninki yake so ya gani. Bai roƙe ni ba, amma na gane.

A gidan mai wani ya ce mu yi hattara da abin da suke kira puna, ciwon da ke kama mutanen ƙasa idan sun hau sama. Na tambaye shi yadda yake, ya ce ciwon kai ne da jiri da amai. Amador ya buga cinya ya ce, "To ai jirin teku ke nan ya sake suna! Ɗan'uwa, a cikin kwale-kwale aka yaye ni. Ka gargaɗi wannan mai motocin, shi ne ko a jirgin fito yake rungumar bokiti." Ƙarya yake yi mini, sau ɗaya ne tak.

Ki gaishe da Audilio mai kula da motocinmu, ki ce kada ya bar babbar motar katako ta fita ba a duba birkinta ba.

Naki har kullum,
Nibaldo Cárcamo


Tsohuwar mahaƙar farar wuta, kan tsauni, 11 ga Fabrairu

Mela tawa,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kowa yana lafiya. Babu gidan waya a nan, babu ma mutum, amma na saba yi miki hira da yamma, don haka zan rubuta in ajiye a aljihun mota har mu sauka.

Mun ga tafkin. Daga bakin teku muka taso bayan karin kumallo, kafin rana ta faɗi muna kansa. An ce direbobin nan sukan kwana a tsakiya kafin su ƙarasa, ni ban ga dalili ba. Motar ce dai ta ba ni mamaki. Tun da muka yi nisa da hawa ta fara huci kamar tsohuwar saniya, ina taka totur tana jan ƙafa. Na tsaya na sassauta mata kafireto ta ɗan farfaɗo.

Ba zan iya kwatanta miki wurin ba. Fari fat har iyakar ganinki, duwatsu masu hular ƙanƙara sun kewaye shi, tsuntsayen suna tsaye a cikin ruwa kamar an zuba furanni. Amador ya sauka, ya sa hular Doralisa, ya taka zuwa bakin ruwa. Na ba shi baya na yi kamar ina duba taya. Da ya dawo idonsa ja, ya ce, "Na kalandar sun fi ƙiba."

Nan kusa muka sami wannan mahaƙa da aka watsar. Gidajen dutse ne duk sun rushe, sai ɗaki ɗaya mai rufi da ƙofa da murhun ƙarfe, har da tarin makamashi da wasu matafiya suka bari. Na ce mun dace.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun daren jiya kaina yake sara kamar ana buga ƙusa a bayan idona, kuma idan na sunkuya ɗaure takalmi sai na huta kafin in miƙe. Wannan da sauƙi. Amador ne abin ya fi kamawa. Ya yi amai, ya kasa cin komai, ga wani busasshen tari da ba ya barinsa. Da safe na ce masa, "Mai-Tumbi, ka ga abin da ka zo gani, ko mu juya?" Ya harare ni ya ce, "Ka taɓa jin an juya jirgi saboda wani ya yi amai? A gidanmu na Barría ba a fara ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Kwana biyu uku ne jiki ya saba." Gaskiyarsa kuma. Ke ma kin sani, duk sabon shiga da aka mayar tudu ranar farko ba ya ƙara zama masunci. A kwantar da shi, a ba shi busasshen burodi, a bar teku ta gama da shi, sai ya tashi garau. Na ce to, mu zauna har ya wuce.

Tarin kuwa sanyi ne, domin sanyin nan ya fi na tsakiyar hunturunmu cizo. Na yi masa abin da mahaifiyarku take yi mana. Na dafa jan ruwan inabi, irin mai barasa, da lemun zaƙi da kirfa da kanumfari, na ba shi da zafinsa, kofi bayan kofi. Na shimfiɗe shi dab da murhu, na lulluɓe shi da bargunan ulu duka, na toshe ƙasan ƙofa da buhu don kada iska ta shigo. Na ce ya yi barci iya ƙarfinsa. Marar lafiya ba a yawo da shi cikin sanyi, wannan ko yaro ya sani.

Na ɗora romon rago, sai ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Ruwan yana tafasa, yana ta ɓulɓula, amma dankalin ya ƙi nuna. Na ƙara wuta, na jira, na soka cokali, yana nan da taurinsa. Mela, wace irin ƙasa ce wannan da wuta ba ta dafa dankali? Na zauna ina kallon tukunyar.

Kuma ƙasar da aka ce ba a ruwa, tun azahar baƙin hadari ya taso daga gabas, walƙiya tana sauka a kan duwatsu tsaye kamar sanda. Amador ya leƙo daga cikin bargo ya ce, "Ka gani? Ruwan gidana ne ya biyo ni." Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Yanzu yana barci. Numfashinsa yakan tsaya, in ƙura masa ido, sai ya ja shi da ƙarfi kamar wanda ya ɓullo daga nutso. Gobe zai tashi garau, in Allah ya yarda.

Mijinki,
Nibaldo


Mahaƙar dai, 13 ga Fabrairu, da safe

Ermelinda,

Ina gaishe ki. Allah ya sa kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, sanyi ya sandarar da yatsuna.

Bai tashi garau ba.

Ina rubutu ne domin ba ni da abin yi sai jira, kuma idan na zauna haka zan haukace. Na zubar da ruwan lagireto da yamma don kada ya daskare ya fasa injin, yanzu ruwan jarka ya zama dutse, na ɗora shi a murhu. Batir kuma ya yi sanyi, ya ƙi juya injin. Sai rana ta bugi motar ta ɗumama. Ina kallon inuwar dutse tana janyewa daga tayar baya kamar ba ta so.

Jiya na ƙara masa duk abin da na sani. Na ƙara ruwan inabin, na ƙara bargo, na shafe masa ƙirji da kitse mai zafi. Abin sai gaba yake yi. Ya daina iya kwanciya, da na shimfiɗe shi sai ya fizge ya zauna yana kama iska da baki. Idan na kara kunnena a bayansa ina jin ƙirjin yana ƙugi kamar ruwa a gindin kwale-kwale. Leɓɓansa sun yi shuɗi kamar bawon ƙumba. Yau da gari ya waye ya yi tari a cikin hankicina, abin da ya fito kumfa ne mai ruwan hoda. Na ninke hankicin na jefa a murhu kafin ya gani.

Shekara nawa ina ganin masu jirin teku, ban taɓa ganin wanda ya tofar da irin wannan ba. Ba shi ba ne, Mela. Ban san mene ne ba, amma ba shi ba ne.

Kuma ya fara magana da Doralisa. Ba sambatu irin na zazzaɓi ba, a natse yake yi, yana kallon bakin ƙofa. "Ki shigo mana, Dora, kin tsaya a sanyi." Sai da na waiwaya, wallahi sai da na waiwaya. Na girgiza shi na ce, "Kai, Mai-Tumbi, ni ne nan, ba kowa!" Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Mai girma Nibaldo mai motoci. Fuskarka ta yi muni." Na ji daɗin zagin nan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi mini.

Na shimfiɗa taswira. Hanyar da muka biyo doguwa ce, yini guda cur, kuma rabinta a kan wannan tudun take. Akwai wani siririn layi mai ɗigo-ɗigo da ya gangara wani kwazazzabo ta yamma, ban yarda da shi ba, irin layin nan ne da mai zanen bai taɓa takawa ba. Sai kuma ofishin 'yan sandan kan iyaka, shi ne mafi kusa. Hanyarsa ta ƙara hawa sama, amma suna da oba-oba, za su iya kiran likita, wataƙila ma suna da magani. Can za ni. Duk direba ya san ƙa'ida: idan ka ɗauko marar lafiya, ka nufi fitila mafi kusa.

Idan wannan takarda ta zo miki a hannun wani baƙo, ki sani ban bar shi ba ko na minti ɗaya. Motocin ki bar wa Audilio ya ci gaba da kula da su, amintacce ne. Ximena kada ta sayar da filin bakin ruwa.

Tsoro nake ji, Mela. Na taɓa tsinkewar birki da lodin katako a gangaren Ensenada, ban ji irin wannan ba. A can akwai abin da hannuna zai yi.

Rana ta kai ƙofar mota. Na tafi.

Nibaldo


Kwarin Camiña, 15 ga Fabrairu

Matata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Kafin komai: yana da rai. Ki zauna, ki sha ruwa, sannan ki karanta sauran. Zan haɗa takardun nan duka in ba mai motar kayan lambu da zai sauka Iquique gobe, ki karanta su a jere, amma wannan na sa a sama.

Motar ta tashi a bugu na ƙarshe da batirin yake da shi. Ɗauko Amador na yi a kafaɗa, ni da nake haki idan na ɗaga buta, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na zaunar da shi a kujera, na ɗaure shi da igiya ta ƙirji don kada ya kife, na kama hanyar 'yan sanda.

Muna hawa yana ƙara lalacewa, ni kuma ina ƙara taka mota, ina cewa saura kaɗan. Da muka haye wani tudu na hango ofishin can nesa, rufin kwano da dogon ƙarfen oba-oba yana ƙyalli. Har na ce, "Ga shi can, Mai-Tumbi, mun iso!" Sai hanya ta gangara cikin wani ɗan kwari, na taka birki.

Kogi ne a gabana. A taswira ko alamarsa babu. Daga gani mashigi ne da mota take ratsawa ba ta jiƙa cibiyar taya ba, amma ruwan da aka kwana biyu ana yi a kan duwatsu ya sauko gaba ɗaya. Jajir yake, mai kauri kamar kunu, kuma kina jin manyan duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa, gum, gum. Na danna ham har ya dishe. Na hau kan bodi ina kaɗa jan bargo. Ba wanda ya fito. Na ɗaura igiya a ƙugu, ɗaya bakin a jikin mota, na shiga in gwada zurfinsa. Taku kaɗan ya kwashe ƙafafuna ya maka ni da dutse, da igiyar na jawo kaina waje.

Na tsaya a bakin ruwan nan jiƙe sharkaf, na zage shi. Mela, zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba na yi wa kogin nan, na haɗa da uwarsa da duwatsun da suka haife shi. Na jefe shi da dutse kamar mahaukaci. Ga taimako ina gani da idona, ga ƙaninki yana mutuwa a bayana.

Ba yadda zan yi, na juya. Doguwar hanya na san ba zai kai ba. Sai na shiga layin nan mai ɗigo-ɗigo, ba don na yarda da shi ba, sai don ba zan iya tsayawa wuri ɗaya in kalle shi yana tafiya ba. A raina na riga na sallama. Gani nake kowane juyin taya nisanta shi nake yi da likita.

Hanyar faɗin motar ce daidai. Dutse a hagu, a dama kuwa rami ne da ban ga ƙarshensa ba, kuma ban nemi gani ba. Ƙanƙara ta sauko, ta koma ruwa, ƙasa ta zama sabulu. Na saka mota a lamba ɗaya, ina jin bayanta yana zamewa wajen ramin a kowace kwana. Wani wuri gefen hanya ya zube, na sauka na jera duwatsu da hannu, na wuce tayar waje tana kan abin da na jera.

A nan ne ya yi shiru. Tarin ya tsaya, kansa ya faɗo a kafaɗata, da nauyi. Ga ƙarar injin ga ruwa a kan rufi, ba na jin ko yana numfashi. Abin da ya kamata in yi shi ne in tsaya in duba. Ban tsaya ba. Na san idan na taɓa wuyansa na ji babu komai, hannuna ba zai ƙara riƙe sitiyari ba, mu biyu za mu ƙare a ramin nan. Don haka ban kalle shi ba. Na kafa ido a hanya na fara yi masa magana, kamar muna cikin jirginsa muna dawowa gida da yamma. Ina kiran tsibiran namu ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi: ga Tabón mun wuce, ga Puluqui a dama, ga Chidguapi, ga fitilun Calbuco, ga Mela a kan gada tana jiranmu da faɗa. In na kai ƙarshe in koma farko. Ban san sau nawa na kai mu gida ba.

Can sai kunnuwana suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya tsaya. Na ga wani ɗan kore a gindin dutse, sannan bishiya, bishiya ta gaske. Ƙuda ya shigo ta taga ya sauka a hannuna, ban kore shi ba. Iska ta yi ɗumi, ta kawo warin tafarnuwa daga gonaki. Ina cikin kiran tsibiran, murya ta dishe, sai na ji daga kafaɗata, can ƙasa-ƙasa:

"Ka tsallake Quenu, direban banza."

Na tsayar da mota a tsakiyar hanya. Abin da na yi bayan nan tsakanina da Allah ne da ƙaninki, shi kuma na gaya masa idan ya faɗa wa mutanen Calbuco zan mayar da shi can sama in ajiye.

A ƙauyen farko aka nuna mini ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar jinyar, Señorita Challapa, 'yar nan ce, ba ta fi Ximena shekaru ba. Ta sa masa robar iska a hanci, ta saurari bayansa, ta yi masa allura, sannan ta juyo kaina. Ta tambayi kwana nawa muka yi a sama da abin da na ba shi. Na faɗa mata duka, har da alfaharina, don a zatona na yi jinya mai kyau. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ruwan inabi, Baba? A can? Ka kuma rufe ƙofa ka kwantar da shi?" Ta ce huhunsa ne ya cika da ruwa, haka puna take yi idan ta yi tsanani, kuma ba ta wucewa da jira. Maganinta ɗaya ne, a sauko da mutum, ko a kan jaki ne, ko cikin ruwan sama ne. Na ce ai ofishin 'yan sanda na nufa, kogi ne ya hana ni. Ta dube ni ta ce, "Ofishin nan ya fi mahaƙar tsawo. Da ka haye, gawa za ka sauke musu."

Na fita waje na zauna a kan dakali.

Ki gaishe da kowa. Zan sake rubutowa daga Iquique, can za a kai shi babban asibiti jibi.

Naki,
Nibaldo


Iquique, 20 ga Fabrairu

Mela,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa, yaya yara? Na san takardun sun tayar miki da hankali, ki yafe mini, na ga gara ki ji daga bakina.

Likita ya ce huhun ya washe, zai sallame shi farkon mako. Ya rame, sunan Mai-Tumbi ya kusa zama ƙarya, amma yana cin abinci yana kushe shi, kin san ma'anar wannan. Tagar ɗakinsa tana kallon teku, yini yake yi yana gaya wa na gadon kusa da shi cewa masuntan nan ba su iya ɗaure jirgi ba. Ya ce in gaya miki ki tanadi miyar kifi irin ta gida, kuma wai kada ki yi mini faɗa da yawa, rabin wautar tasa ce. Na ce masa ba na raba kayana da kowa.

Ta bakin teku za mu dawo, a hankali, muna kwana inda dare ya yi mana. Kada ki sa rana. Barci kuwa sai a hankali, da na rufe ido sai in ji nauyin kansa a kafaɗata, in tashi in tafi asibiti in leƙa shi tun ba a buɗe ƙofa ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar Lahadi ki sayi kyandir, babba, ba irin na rowa ba, ki kunna a coci. Na tambayi sunan kogin nan a Camiña, na tambaya a nan, ba wanda ya sani. Sun ce ba kogi ba ne ma, 'yan makonni yake gudu a shekara ya ƙafe. Idan Fada ya tambaye ki don wa aka kunna, ki ce don wani ruwa ne da mijinki ya zaga, kuma yana neman afuwa.

Ki gaishe da Ximena da yara da Audilio. Sai mun iso.

Mijinki mai ƙaunarki,
Nibaldo Cárcamo